DAGA KABARIN BAUCI ZUWA ZAUREN MAJALISAR DUNIYA

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi da ya taɓa ratsawa ta birnin Bauci a hanyarsa ta zuwa ganin gida, da wuya a ce bai ji labarin kabarin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, ko da bai tsaya ya shiga ba. An buɗe ginin a 1979. Mai ziyara yakan bi ta wani dogon lungu mai duhu kafin ya fito fili inda kabarin yake, ba rufi a kansa sai sararin Allah. 'Yan makaranta suna zuwa, baƙi suna zuwa, a yi wa mamaci addu'a a watse. Amma a wannan zamani da ake ta kawo shawarwari iri iri kan yadda za a ƙarfafa mulkin dimokuraɗiyya da haɗin kan ƙasashe, ya kamata a tsaya a wurin nan a yi tunani fiye da na ziyara, gama mutumin da ke kwance a ciki ya gwada abubuwan nan biyu, ya ci nasara a ɗaya, ɗayan kuwa ya kuɓuce masa.

Wajen hulɗa da duniya ba a yi masa gardama. Ran 7 ga Oktoba, 1960, mako guda da samun mulkin kai, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99. Kafin shekarar ta ƙare sojan Nijeriya suna Kwango wajen aikin kiyaye zaman lafiya. A watan Janairun 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransawa suka yi ta yi a hamadar Sahara, watau ƙurar da iska za ta iya kaɗowa har kan talakawan Arewa. A watan Maris na shekarar yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila saboda wariyar launin fata. Da shi aka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Kazalika ran 22 ga Mayu, 1964, shi da Hamani Diori na Nijar, da Ahmadu Ahijo na Kamaru, da Tombalbaye na Cadi, suka sa hannu a Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, aka kafa Hukumar Tafkin Cadi.

To, sai a dubi makon ƙarshe na rayuwarsa. A mako na biyu na Janairun 1966 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka hallara a Ikko, karo na farko ke nan da aka yi wannan taro a wajen Landan, kuma Firayim Ministan Ingila Harold Wilson da kansa ya zo. Abin da ya tara su shi ne Rodeshiya, inda Ian Smith da tsirarun Turawa suka ƙwace mulki suka hana baƙar fata masu rinjaye 'yancin zaɓen shugabanninsu. Ana cikin zaure ana maganar haƙƙin mai ƙuri'a a Rodeshiya, a waje kuwa Jihar Yamma tana cin wuta tun zaɓen Oktoban 1965 wanda aka tafka maguɗi a cikinsa, ana ƙone gidaje da motoci da mutane har gefen Ikko. Gwamnatin da ta kafa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962 kan rikicin da bai kai wannan ba, a wannan karon sai ta yi shiru, don mai mulkin jihar abokin tafiyarta ne. Kwana uku da tashin baƙi, ran 15 ga Janairu, soja suka ɗauke Firayim Minista daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a bakin hanyar Abekuta, aka kai Bauci aka rufe. Allah ya ji ƙansa. Ba abin da zai halatta wannan kisa, amma faɗin gaskiya bai zama cin zarafin mamaci ba: sai da bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Abin da Nijeriya ke nema a waje a yau yana kan hanya. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da kujeru 15, biyar daga ciki na dindindin ne masu ikon hawa kujerar na-ƙi, watau Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, kujerun dindindin ɗin kuwa haka aka tsara su tun 1945, lokacin da galibin Afirka ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Ƙasashen Afirka 54 ne cikin 193 na Majalisar, kuma rikice-rikicen Afirka suna cin babban kaso na lokacin Kwamitin, amma ba su da kujerar dindindin ko ɗaya. Tun 2005 suka tsai da shawara a Ezulwini cewa a ba su biyu na dindindin da cikakken iko, da biyar na karɓa-karɓa. A watan Satumban 2024 shugabannin duniya suka amince da wata yarjejeniya da ta yarda an zalunci Afirka a wannan rabo. Yarda da baki dai an yi, kujera kuwa har yanzu shiru. Lalle Nijeriya ta ci gaba da nema, domin sau biyar tana zama a Kwamitin, ta kuma zubar da jinin 'ya'yanta a Laberiya da Saliyo.

Sai dai mai zuwa neman adalci a dandali, ana duban yadda yake raba tuwo a gidansa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mutane ba su ƙi fitowa don lalaci ba, sun ga ƙuri'ar ba ta canza musu kome ne, musamman a ƙaramar hukuma wadda ita ce ta fi kusa da talaka. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Gwamnoni suka ruga suka shirya zaɓe. A Jihar Bauci a 2024 jam'iyyar da ke mulki ta lashe kujerun shugabanni 20 kaf. A Jihar Ikko a 2025 wata jam'iyya dabam ce ke mulki, ita ma ta share nata kaf. Ashe cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Muddin gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ne kuma ke ba ta abin kashewa, to, ba zaɓe ake yi ba, naɗi ne da akwati. Tilas ne Majalisar Tarayya ta gyara tsarin mulki, ko a miƙa wannan zaɓe ga hukumar zaɓe ta ƙasa, ko a cire naɗin hukumar jiha da kuɗinta daga hannun gwamna.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a Bauci. A shekarun 1940 a garin ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar kansa, lokacin yana malamin Midil, suke zama da sauran ma'aikata a wata ƙungiyar muhawara, ana tambayar En'e abin da ba a saba tambayarta ba, har aka kai ga batun albashin sarki, hukuma ta ga abin ya yi yawa ta rufe zaman. A 1950 kuwa Malam Abubakar ne ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e don talaka ya sami bakin magana. Shekaru sun shuɗe, an sauya wa En'e suna a gyaran 1976, tambayar dai tana nan inda suka bar ta.

'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, su ma akwai nasu laifin. Da yawa sun shekara ashirin, talatin a wuri, a nan suka hayayyafa, a nan suke biyan harajin kasuwa, amma katin zaɓensu na can ƙauye. Zaɓe ya ƙarato sai a cika manyan motoci a yi Arewa, wasu don jefa ƙuri'a, wasu don gudun fitina. Wanda ya rasa kuɗin mota ya rasa ƙuri'a ke nan. Alhali kansilan da zai gyara lambatun unguwa, da shugaban ƙaramar hukumar da zai iya rushe rumfunan kasuwa da safe ɗaya, a nan Kurmi suke, kuma ɗan siyasa ba ya jin tsoron unguwar da ba ta da ƙuri'a. Da aka yi rikicin kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairun 2021, an ga irin maraicin mutumin da ba shi da wakili. Dokar zaɓe ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwar shanu da goro da gwari su ne ya kamata su ja gaba a wannan aiki. Ba sabon abu ba ne kuma: Sabon Badun tun 1916 yake, kuma a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya tsaya zaɓe a Inugu har ya zama magajin garin na farko.

Sa'an nan ga maƙwabta. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, har aka yi barazanar yaƙi. Sojan Yamai ba su sauka ba. Waɗanda suka ji jiki su ne masu shanu da wake da albasa, da direbobin da lodinsu ya ruɓe a bakin iyaka, da iyalan da rabinsu ke Katsina rabi Maraɗi. An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma a ƙarshen Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar da aka kafa a Ikko a 1975. Juyin mulki abin ƙi ne, ba mai musu. Amma ƙungiyar da ta kasa tsai da ƙa'idar wa'adi biyu ga shugabanni a 2015, don Togo da Gambiya sun ƙi, ta kuma zura ido Alfa Konde ya yi tazarce a Gini a 2020, ba ta da ƙarfin bakin da za ta tsawata wa soja. In ana son a gyara ta, sai a hukunta mai murɗe tsarin mulki da riga kamar yadda ake hukunta mai murɗe shi da kaki, kuma in za a sa takunkumi a sa wa masu mulki da dukiyarsu, a bar wa talaka hanyar kasuwa.

Akwai kuma abubuwan da ba su san an fice daga wata ƙungiya ba. Tafkin Cadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙafe ya koma ɗan kaɗan bayan farin shekarun 1970 da 1980. Jihar Bauci tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin ganuwar itatuwa don tare hamada. Kogin Jama'are daga ƙasar Bauci yake bi ya haɗu da na Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, wanda ya yi iyaka da Nijar kafin ya zuba a tafkin. Shi ya sa batun madatsar ruwa ta Kafin Zaki, wadda aka yi shekaru ana ja-in-ja a kanta ba a kammala ba, ya fi ƙarfin jiha ɗaya: manomin Bauci yana son ruwan noman rani, masunci da makiyayi a Yobe da Barno da Difa suna tsoron a tare musu na sha. Hukumar da Tafawa Ɓalewa ya sa wa hannu a 1964 tana nan, Nijar kuma ba ta fita daga cikinta ba. Wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta kai maganar Kafin Zaki gaban wannan hukuma, a zauna da wakilan Yamai da na jihohin da ke ƙasan kogin, a auna ruwan a fili, a rubuta rabon kowa kafin a sake kai ko buhun siminti ɗaya wurin.