WA YA KORE SU DAGA GIDA?

Duk sanda wani ɗan jarida ɗan Nijeriya mazaunin ƙasar waje ya bankaɗo ɓarnar mahukunta, sai 'yan kanzagi su fito da tsohuwar waƙarsu: wai ba shi da kishin ƙasa, wai yana kwance cikin daular Turawa yana zubar wa ƙasa mutunci, wai in da gaske yake ya dawo a gina ƙasa tare. To amma tambayar da suke gudu ita ce, wa ya kore shi daga gidan?

A 1986 aka aika wa Dele Giwa bam cikin ƙunshin wasiƙa har gidansa a Legas, ya hallaka shi. A 1995 gwamnatin Abacha ta ɗaure Chris Anyanwu da Kunle Ajibade da sunan wai suna da hannu a yunƙurin juyin mulki. A 1996 Bagauda Kaltho ya yi ɓatan dabo. Cikin wannan ƙunci ne aka buɗe Rediyo Kudirat daga ƙetare, jama'a na kamo ta a gajeren zango. Kar wani ya ce ai wancan zamanin soja ne. A 2018 Jaafar Jaafar ya saki bidiyon da ke zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar daloli, gwamnan ya musanta, a 2021 ɗan jaridar ya fice zuwa Ingila yana cewa ransa na cikin haɗari.

Sa'ad da aka kai Shugaba 'Yar'aduwa asibiti a Saudiyya a Nuwamban 2009, fada ta yi ta rufa-rufa, al'umma ta koma neman labarin shugabanta a wurin Sahara Reporters, wadda aka kafa a New York a 2006. Wane ne a nan ya ci amanar ƙasa, mai ɓoyewa ko mai faɗa?

Abin takaici, masu zargin nan su ne 'yan waje na haƙiƙa. A can suke jinya, a can 'ya'yansu ke karatu, a can suke jibge dukiya. A 2017 Shugaba Buhari ya shafe kwana sama da 100 yana jinya a Landan. Kuma kusan dala biliyan 20 da mazauna waje ke aikowa gida duk shekara, ba a taɓa jin mahukunta sun ce ba sa so ba. Wato kuɗinsu halal, bakinsu haram!

Tabbas cikin masu rubutu daga waje akwai maƙaryata da 'yan amshin shata, kamar yadda suke a gida. Don haka matasa su tantance kowane labari da hujjarsa, su bar tambayar daga ina aka rubuto shi. Asibitin da aka cinye kuɗinsa ba zai ginu don an yi shiru ba, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Mai son 'yan jaridar nan su dawo, ya fara daina farautar waɗanda ke gida.