Ba kowane dutse ke haihuwar kuza ba

Tun da aka ga zinariya a Jado cikin shekara ta 2014, samari da yawa na jahar Dosso sun ɗauki gatari da shebur sun nufi arewacin ƙasa. Waɗanda suka zamna gida kuwa suna duban duwatsun Dogon Dutsi da na Tibiri suna tambaya: ko akwai kuza a cikinsu, kamar yadda ake samunta a Abzin? Amsa ita ce babu alamarta, kuma ya kamata kowa ya san dalili.

Kuza, wadda ake narkawa a fid da dalmar da ake shafe gwangwani da ita, ɗiyar dutsen garanit ce, irin manyan duwatsun nan na birnin Damagaram. Asalin garanit narkakken dutse ne da ya huce sannu sannu a ƙarƙashin ƙasa. Sa'ad da yake daskarewa, ruwan zafi mai ɗauke da dalma yakan taru a samansa, ya shiga tsage-tsagen dutse, ya bar kuza nan. Bayan zamani mai tsawo ruwan sama ya farfasa dutsen. Da yake nauyin kuza ya ninka na ruwa wajen sau 7, sai ta kwanta cikin rairayin koramu, inda ake wanke ta.

Duwatsun da ke da ita sun yi jeri daga arewa zuwa kudu. Na Abzin, wajen Elmeki da Tarawaji, sun haura shekara miliyon 400. Na Jos a Najeriya ba su wuce wajen miliyon 200 ba. A Riruwai, ƙasar Kano, Hausawa suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa.

Ƙasar Arewa ba ta cikin wannan jeri. Duwatsunta rairayi ne da laka da ruwa ya shimfiɗa hawa hawa, marmara ta rufe kansu. Tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsu yana binne da zurfin ɗaruruwan mitoci. Wanda ya sayar da bisashensa don haƙar kuza a nan ya zubar da dukiyarsa banza. Ko inda take, kuza ba ta da tabbas: faɗuwar kuɗinta a kasuwar duniya cikin 1985 ta rufe ramuka masu yawa.

Arzikin Arewa na fili shi ne tama, wadda maƙeran dā suka narka, da ruwan Dallol Mawri da ke kusa da bisa, mai isar noman rani.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatar ma'adinai ta juya taswirar duwatsun ƙasa cikin harsunan gida, a karanta ta a makarantun yaƙi da jahilci. Talaka da ya san abin da ke ƙarƙashin gonarsa ba ya haƙa rami bisa jita-jita.