Ra'ayi: Wane girman babur ne ya dace da doguwar tafiya a ƙasar Magarya da Dungas?

Muhawara ce da ba ta ƙarewa a majalisun matasa da zaurukan WhatsApp na 'yan ci-rani: idan mutum zai sayi babur ɗin da zai riƙa cin dogon zango da shi, wane girma zai nema? Bidiyoyin TikTok sun sa da yawa sun ɗauka cewa sai babur mai injin cc 600 ko 1,000 ne ake fita yawon ƙasa da shi. A nawa ganin, ga mai zirga-zirga tsakanin Damagaram, Magarya, Dungas da garuruwan kan iyaka, babur mai cc 125 zuwa 150 ne daidai, in an matsa a kai 200. Abin da ya haura haka, a wannan yanki, wahalarsa ta fi amfaninsa yawa.

Maganar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin babur ɗin nan sau da yawa gumin shekara guda ne ko biyu na wani da ke Libiya, Aljeriya, Legas ko wurin haƙar zinariya a Jado. Idan aka yi kuskuren zaɓe, jarin gida ne ya kwanta a zaure an lulluɓe shi da tabarma.

Mu fara da hanya. Daga birnin Damagaram zuwa Magarya, ta Bande, kilomita 90 da 'yan kai ne a kan kwalta, daga nan kuma a zarce iyaka ta Tinkim. Amma wanda zai shiga Waca, Guci, Malawa, Dogo-Dogo, Yekuwa ko Sasumburum ya san cewa da zarar an bar babbar hanya sai burji, yashi da turbar amalanke. Da damina fadamun Korama kan cika, da rani kuma rairayi ya yi laushi har taya ta nutse. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Magarya, amma yawancin ƙauyukanta har yau ta irin waɗannan hanyoyi ake isa gare su.

A irin wannan ƙasa nauyin babur ya fi ƙarfin injinsa muhimmanci. Bajaj Boxer mai cc 150 nauyinsa bai wuce kilo 125 ba. BMW R 1250 GS, wanda masu yawon duniya ke alfahari da shi, ya kusa kilo 250, wato buhu biyu da rabi na gero, kafin a ɗora masa kaya. Kowane mahayi yakan faɗi a cikin yashi, komai gwanintarsa. Ƙaramin babur mutum ɗaya zai ta da shi ya ci gaba. Babba kuwa sai an jira Allah Ya kawo masu wucewa, kuma in ya danne ƙafa, asibiti na nesa.

Na biyu shi ne mai. Babur mai cc 150 yakan sha kimanin lita biyu da rabi a kilomita 100, babba kuwa lita biyar zuwa shida. A farashin sefa 499 da aka tsayar wa litar fetur a Yulin 2024, zuwa da dawowa tsakanin Damagaram da Magarya zai ci wa na farko kusan jaka biyu da rabi, na biyu kuma sama da jaka biyar. Zamanin da ake samun ruwa-ruwa mai arha daga Najeriya ya wuce tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Kuma duk da matatar SORAZ tana jiharmu tun 2011, a ƙauye man kwalba ne ake sha, wani lokaci da ƙura ko ruwa a ciki. Babur mai kafireta in ya sha irin wannan mai, bakanike zai kwance ya wanke cikin rabin awa. Manyan baburan zamani da injekta da kwamfuta suke aiki, gurɓataccen mai yana toshe su, kuma gyaransu sai da na'ura.

Wannan ya kawo mu batun kayan gyara. Sarƙa, fulogi, tib, wayar kuloci da takalmin burki na Boxer, Haojue, TVS ko Kasea ana samunsu a kusan kowace kasuwar mako, balle ranar Alhamis a Maigatari. Yaron bakanike ma ya haddace cikinsu. Babban babur idan lagiretonsa ya fashe ko famfon mansa ya mutu, sai an aika Kano ko Yamai, wani lokaci sai an yi odar kayan daga waje. Kada kuma a manta, iyakar nan da muke dogaro da ita an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Wanda babur ɗinsa ba ya tashi sai da kayan ƙetare, rufe iyaka ajiye shi yake yi.

Masu son manyan babura suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. A kan doguwar kwalta, kamar kilomita kusan 900 da ke tsakanin Damagaram da Yamai, ko hanyar Tanut zuwa Agadas, ƙaramin inji yana galabaita. Iskar tirela da manyan motocin fasinja tana kaɗa shi, wuce mota yana zama kasada, kuma injin da iska ke sanyaya shi yakan ɗau zafi idan an matse masa wuya awa da awanni a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Saboda haka ne ma ba na goyon bayan mai cc 100 idan za a ɗauki mutum biyu da kaya a yi nisa. Wanda kuma yawancin tafiyarsa kwalta ce, yana da kuɗin kula da shi, mai cc 250 zai hutar da bayansa.

Amma ko waɗanda suka keta nahiyoyi ba duka ne suka hau dodanni ba. Cyril Neveu ya lashe gasar Paris-Dakar ta farko a 1979, wadda ta ratsa Agadas da Yamai, a kan Yamaha XT500. Kunle Adeyanju, ɗan Najeriyar da ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 domin yaƙi da cutar shan inna, Honda CB500X ya hau. Wani Bature ɗan Ingila, Nathan Millward, ya tashi daga Sidni ta Ostareliya har Landan a kan babur ɗin raba wasiƙu mai cc 105. Idan cc 500 ya isa keta Sahara, me mai zuwa biki Ɗan Ciyau zai yi da 1,200? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shawarata ga ɗan ci-ranin da zai turo kuɗi ita ce ya raba su kashi biyu. Kaso mafi yawa a sayi sabon babur mai cc 150, ko na hannu mai lafiya, daga cikin waɗanda kayansu ke kasuwar garinsu. Ragowar a sayi hular kwano guda biyu, ta mahayi da ta wanda aka goya, da tayoyi masu ƙwari, da takardun babur, inshora da lasisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Babu wani ƙarin cc da zai yi wa mutum wannan aiki.

Shi kuma mahayi, ya canza baƙin mai kafin ya tashi, ya kakkaɓe matatar iska musamman lokacin hunturu, ya riƙe famfo, kayan faci, fulogi na ajiya da ruwan sha. Ya riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya ko biyu inji ya huce, shi ma ya miƙe ƙafa. Ya guji tafiyar dare, domin amalanke da dabbobi ba su da fitila. Idan zai fita daga jihar, ya fara tambayar dokar wurin, tunda a Diffa an taɓa haramta hawan babur daga 2015 saboda matsalar tsaro, haka ma a wasu sassan Tillaberi daga 2020.

Ga hukumomi kuma, matasan da ke kabu-kabu tsakanin waɗannan ƙauyuka su ne motar asibiti, su ne masu kai rake da kayan lambu bakin kwalta. Sauƙaƙa musu samun lasisi a Magarya da Dungas, da tilasta sa hular kwano ba tare da mayar da ita hanyar karɓar na goro ba, zai ceci rayuka da yawa.

Babur na doguwar tafiya shi ne wanda mai shi zai iya ɗagawa in ya faɗi, ya iya zuba masa mai ba tare da cin bashi ba, kuma bakaniken ƙauyen da ya lalace a ciki ya iya gyarawa kafin magariba. A ƙasar Magarya da Dungas, wannan babur ɗin cc 150 ne.