Mai Tayar da Gawa Ba Gwarzo Ba Ne, Ko a Wasa



Wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Ga wanda bai san shi ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya zaɓi gwarzon da zai zama, jarumi ko firist ko mai sihiri. Jagoran wasa yana ba da labari, a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Ba na cikin masu cewa wasan nan ƙofar Shaiɗan ce. An yi wannan ihun a Amurka a shekarun 1980, har Jack Chick ya buga ɗan littafin zane a kansa a 1984. Tsoro ya fi hujja yawa. Jefa ɗan lido bai taɓa kiran aljani ba.

Rigimata da abu guda ne: a ba ɗan wasa izini ya zama mai tayar da gawa.

Ku duba yadda littafin dokokin wasan na 2014 ya tsara shi. Mai sihirin da ya bi wannan layi yana tayar da gawa ko ƙwarangwal, ta yi masa biyayya na awa 24. In bai sabunta sihirin ba, ta ƙwace daga hannunsa. In ya kashe wani da sihirinsa, lafiyar jikinsa na ƙaruwa. Wato duk wanda ya faɗi a fagen fama ya zama kayan aiki. Littafin da kansa ya yarda cewa tayar da irin waɗannan gawarwaki ba aikin kirki ba ne, ya kuma juya ya miƙa wa ɗan wasa shi.

Na san amsar: "Fasto, ai wasa ne kawai." To, wasa ne, amma wane iri? A fim kana kallon mugu daga nesa. A wasan nan bakinka ne ke cewa "na tayar da shi", mako bayan mako, wata da watanni, kana lissafin gawa nawa za ta ishe ka. Abin da mutum ya daɗe yana yi da dariya, ƙyamarsa takan fita daga zuciya. Mu kuwa a ƙasar nan mun san labarin masu tone kaburbura don tsafin kuɗi. Ƙyamar nan muna bukatarta.

Maimaitawar Shari'a sura 18 ta sa tuntuɓar matattu cikin abubuwan da Ubangiji ke ƙyama. Ku tuna da Saul a 1 Sama'ila 28. Shi ne ya kori masu wannan sana'a daga ƙasa, sai ga shi ya ɓad da kama, ya bi dare zuwa Endor neman Sama'ila da ya riga ya mutu. Abin da ya samo shi ne labarin mutuwarsa da ta 'ya'yansa.

Masu wayo za su ce ai firist ɗin wasan ma yana tayar da matattu, littafin ma ya jera sihirin nasa a rukuni ɗaya da na wancan. Haka ne, ya jera su, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta sama da ƙasa. Da Yesu ya kira Li'azaru, ya kira shi da sunansa, ya sa aka kwance shi ya tafi, aka kuma gan shi daga baya yana cin abinci a Betanya. Ya komo da hankalinsa da 'yancinsa. Gawar mai sihiri ba suna, ba baki, ba ikon ƙin umarni. Bauta ce da ta bi mutum har cikin kabari.

Ban ce a share shi daga labari ba. Tolkien, wanda ɗan Katolika ne, ya sa irin wannan mugu a The Hobbit, daga baya aka gane Sauron ne, kuma babu mai karatun da aka gayyata ya shiga rigarsa. A bar shi a hannun jagoran wasa, 'yan wasa su haɗa kai su yaƙe shi, su binne waɗanda ya wulaƙanta. Sabon littafin dokoki na 2024 bai sa shi cikin rassa huɗu na mai sihiri ba, ko da yake sihirin tayar da gawar yana nan. Duk wanda ke jagorancin tebur a cikinku yana da ikon cire wannan ma, kuma dokar wasan ta ba shi.