Tsutsar kwamfuta: haɗarin da ke fuskantar ofisoshin Sahel bayan ƙarewar tallafin Windows 10

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga manhajar Windows 10. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna ci gaba da aiki yadda suka saba, shi ya sa masu su da yawa ba su lura da wani canji ba. Sai dai duk wata kafa da aka gano a manhajar daga wannan rana za ta zauna a buɗe, in ban da a na'urorin da aka shigar cikin shirin ƙarin wa'adi, wanda da farko aka sanya masa shekara ɗaya kawai ga ɗaiɗaikun mutane. Komawa Windows 11 kuma ba kowace kwamfuta ke iyawa ba, domin sabuwar manhajar tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi.

Wannan batu ya shafi ofisoshi, makarantu da asibitoci daga Yamai zuwa Damagaram, daga Garwa zuwa Injamena, inda kwamfutar gwanjo ta zama ruwan dare, kuma tsadar data ke sa mutane kashe sabuntawa. Tarihin manyan hare-haren tsutsar kwamfuta ya nuna cewa a irin waɗannan na'urori da ba a yi wa faci ba ne aka fi yin ɓarna.

Yadda tsutsa ke shiga

Masana suna bambanta ƙwayar cutar kwamfuta da tsutsa. Ƙwayar cuta tana maƙalewa a jikin wani fayil, tana jiran a ɗauke ta zuwa wata na'ura. Ita kuwa tsutsa manhaja ce mai cin gashin kanta, wadda ke kwafar kanta ta aika wa wasu kwamfutoci. Ta farko da ta girgiza intanet ita ce wadda Robert Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka, ya sake a ranar 2 ga Nuwamba 1988. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000 cikin kimanin 60,000 da ke kan intanet a lokacin.

Hanya ta farko da tsutsa ke bi ita ce imel, kuma jarinta a nan shi ne yarda. A watan Mayu na 2000 wani saƙo mai taken ILOVEYOU ya fito daga birnin Manila na ƙasar Filifin, ɗauke da fayil mai kama da wasiƙar soyayya. Windows kan ɓoye haruffan ƙarshe na sunan fayil, don haka mai karɓa ya ga kamar rubutu ne kawai, alhali umarni ne ga kwamfuta. Da zarar an buɗe shi, sai ya lalata hotunan da ke cikin na'urar, ya kuma aika kwafinsa ga duk adireshin da ke cikin Outlook. Wanda ya samu saƙon sai ya ga sunan abokinsa ko na shugabansa a wurin aiki, ya buɗe ba tare da shakka ba. Cikin ƴan kwanaki miliyoyin kwamfutoci suka kamu. Wannan dabara ba ta tsufa ba. Manhajar Emotet, wadda ƴan sandan ƙasashe da dama suka tarwatsa cibiyoyinta a Janairun 2021, takan saci tsofaffin saƙonnin mutum, ta tura amsa a kan hirar da ake yi da gaske.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar kowa ya danna komai. Tsutsar takan riƙa ƙwanƙwasa adireshin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ke da kafa a manhajarta. Idan ta samu, sai ta tura bayanan da aka tsara musamman don su rikita manhajar har ta aiwatar da umarnin baƙo, daga nan sabuwar na'urar da ta kamu ita ma ta shiga farauta. Tsutsar Slammer ta ranar 25 ga Janairu 2003 ƙarama ce ƙwarai, girmanta bayit 376 kacal, amma a mintocin farko adadin na'urorin da ta kama yana ninkawa kowane daƙiƙa takwas da rabi. Cikin kimanin minti 10 ta mamaye mafi yawan na'urori 75,000 da ta kama, ta kuma durƙusar da intanet a Koriya ta Kudu na sa'o'i.

Abin da ke samun na'urar da ta kamu

Shigar tsutsa matakin farko ne kawai. Wata tana buɗe ƙofar baya don masu kutse su dawo duk lokacin da suka ga dama, kamar yadda Mydoom ta yi a 2004. Wata tana kwashe kalmomin sirri, wata tana kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Wata kuma tana mayar da na'urar ɗaya daga cikin dubban da ake juyawa daga nesa don kai wa wasu hari, mai ita bai sani ba, sai dai ya ga tana nauyi, data na saurin ƙarewa. Da irin wannan runduna, wadda aka haɗa da manhajar Mirai, aka kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya hari a 2016, kuma wata kotu a Birtaniya ta ɗaure mutumin da ya aikata hakan a Janairun 2019. Mirai kuwa tana shiga kyamarori da na'urorin rarraba intanet ne ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa tun farko, waɗanda masu saye ba su canja ba.

Facin yana nan, ba a sa ba

Idan aka jera manyan hare-haren, abu ɗaya ke maimaituwa. Facin kafar da Slammer ta bi ya fito tun Yulin 2002, wata shida kafin harin. Facin da zai hana Conficker ya fito ranar 23 ga Oktoba 2008, tsutsar ta bayyana a Nuwamba, kuma a Janairun 2009 ta shiga hanyar sadarwar rundunar ruwan Faransa. Conficker ta kuma riƙa yawo a cikin ƴan ma'ajin USB, hanyar da har yanzu ke da tasiri a duk inda ake yawo da fayiloli daga ofis zuwa shagon buga takardu.

Misali mafi girma shi ne WannaCry. Microsoft ya fitar da faci ranar 14 ga Maris 2017. Wata ɗaya bayan haka wani gungun masu kutse mai suna Shadow Brokers ya watsa makamin EternalBlue, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. Ranar 12 ga Mayu aka saki tsutsar, ta bi ta ƙofar da Windows ke amfani da ita wajen raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Hukumar Europol ta ce sama da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe 150 sun kamu, ana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila an soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, a Faransa kamfanin Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ne ya taka mata birki bayan ya yi rajistar wani adireshin intanet da ya gano a cikinta. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa, ita kuma ta musanta.

Binciken kamfanin Kaspersky ya nuna mafi yawan na'urorin da WannaCry ta kama suna ɗauke ne da Windows 7, wadda a lokacin tana samun gyare-gyare. Wato maganin yana nan kusan wata biyu, ba a sha ba. Mai amfani da Windows 10 da wa'adinta ya ƙare yana cikin hali mafi muni, domin ko ya nemi maganin ba lallai ya samu ba. Gaskiya ne Microsoft ya fitar da facin gaggawa ga tsohuwar Windows XP a lokacin WannaCry, amma bayan wutar ta kama ne.

Darasin ofishin Ghana

Faci kaɗai ma bai wadatar ba. Ranar 27 ga Yuni 2017 NotPetya ta shiga kamfanoni ta cikin sabuntawar wata manhajar haraji ta Yukiren mai suna M.E.Doc. Bayan EternalBlue, tana kuma satar kalmomin sirri daga na'ura ɗaya ta shiga sauran, har da waɗanda aka yi wa faci. Kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Maersk ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300, ya kuma sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana 10. Mujallar Wired ta ruwaito cewa kwafin da ya tsira na bayanan da ke tafiyar da dukkan hanyar sadarwar kamfanin an same shi ne a ofishinsa na Ghana, saboda ɗaukewar wutar lantarki ta raba na'urar da intanet kafin harin. Sa'a ce ta ceci Maersk, amma darasin a fili yake: abin da aka ajiye a gefe, ba a haɗe da sauran ba, shi ke tsira.

Abin da ya rage ga hukumomi

Ƙasashen yankin suna da dokoki. Kamaru ta kafa dokar laifukan intanet a 2010, Najeriya a 2015, Nijar a 2019, yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kuma ta fara aiki a Yunin 2023. Wannan ci gaba ne idan aka tuna Filifin ta kasa gurfanar da wanda ake zargi da ILOVEYOU saboda ba ta da dokar da ta dace. Sai dai doka tana hukunta mai laifi ne bayan ɓarna, mai sakin tsutsa kuwa sau da yawa yana wata nahiyar.

Aikin da ke gaban ma'aikatu, bankuna da asibitoci shi ne su ƙidaya kwamfutocinsu, su san manhajar da kowace ke ɗauke da ita. Wadda za ta iya karɓar Windows 11 a mayar da ita, wadda ba za ta iya ba a sa mata manhajar Linux ta kyauta ko a raba ta da intanet da sauran na'urori. Kasafin kuɗin sayen kwamfuta ya kamata ya ƙunshi kuɗin datar sabuntawa da albashin mai kula da ita. Bayanan albashi, na marasa lafiya da na jarrabawa suna buƙatar kwafi a ma'ajin da ake cirewa bayan an gama ajiya. Ma'aikaci kuma da ya samu fayil ɗin da bai yi tsammani ba, ko da sunan shugabansa ne a kai, ya kira shi a waya ya tabbatar kafin ya buɗe.