Ra'ayinmu: Kafin Ruwa Ya Sake Cin Kasuwa A Briqueterie

Masu iya magana kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A daren 8 ga watan Oktoban 2023 an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Yawunde, har bangon wani tsohon tafki ya fashe a unguwar Mbankolo, laka da duwatsu suka rufto wa gidajen da ke gindin tudu, kusan mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya. Kafin nan, ranar 27 ga Nuwamban 2022, ƙasa ta zaftare wa masu zaman makoki a unguwar Damas, aƙalla mutum 14 suka rasu. Mbankolo ba wata uwa duniya ba ce, ƙaramar hukuma ɗaya take da Ekoudou, wato Briqueterie, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin Turawa.

Wanda ya san Yawunde ya san gari ne na tuddai da kwaruruka, ga damina biyu a shekara, ta Maris zuwa Yuni da kuma ta Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ya sauka a kan tudu dole ya nemi hanya, hanyarsa kuwa ita ce rafuka irin su Ekozoa da Abiergue. Gaskiya ne an gina wa kogin Mfoundi magudanar kankare da tallafin Bankin Raya Afirka, kuma abin ya rage ɓarna a tsakiyar gari. To amma ina amfanin babbar magudana alhali lambatun cikin unguwa sun cushe da leda da robobi da ƙyallayen teloli?

Abin da ya sa muka ce maganar ta shafi 'yan kasuwar kan iyaka shi ne, dilar atamfa ko shaddar da ke jibge a sito a Briqueterie sau da yawa ba kuɗin mai shagon ba ne shi kaɗai. Bashi ne ya ɗauko daga Kantin Kwari, ko amana ce ta wani a Mubi, Banki ko Kuseri. In ruwa ya shiga sito ɗaya, mutum biyar ne ke kwana da zullumi. Mun ga haka a Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Kasuwar Monday wadda ba ta jima da farfaɗowa daga gobarar 2023 ba.

Ko ƙasashen da ke taƙama da arziki ba su tsira ba. A Oktoban 2025 guguwar teku ta afka wa ƙauyen Kipnuk a jihar Alaska ta Amurka, inda babu hanyar mota, ruwa ya ɗaga gidaje ya tafi da su, sai da jiragen sama aka kwashe jama'a. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

Saboda haka muna kira ga hukumar birnin Yawunde da ta riƙa yashe magudanan unguwa kafin ruwan Satumba, ba sai an yi asara a zo da motar rusau ba. Wanda za a tayar daga bakin rafi, a ba shi matsuguni tukuna.

Su kuma 'yan kasuwa, akwai abin da ba sai sun jira gwamnati ba. A ɗora kaya bisa katako, a lulluɓe da tamfol, kada a tara jari duka a sito guda da ke cikin kwari don arahar haya. Littafin bashi a yi masa kwafi a ajiye a wani wuri. Ƙungiyoyin kasuwa su ware wani abu daga adashi don tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Sarakunan Hausawa da limamai su ma su sa baki, su tunatar da jama'a a masallatai cewa mai zuba shara a kwata maƙwabcinsa na gangare yake cuta. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ba tawakkali ba ne. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.