Sunanka a Intanet: Tsakanin Rufin Asiri da Barin Ƙofa a Buɗe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a da idan ana son sanin halin mutum, maƙwabtansa ake tambaya, ko limamin unguwarsu. Yau kuwa mai ɗaukar ma'aikaci, da waliyyin yarinya, da jami'in ofishin jakadanci, da yawansu sukan fara da rubuta sunan mutum a Google ko Facebook. Abin da ya fito shi ne shaidar farko a kansa, alhali shi bai san ana bincikensa ba. Shi ya sa muke kira ga kowa, musamman ɗalibanmu, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa ya duba abin da duniya take gani.

Al'amarin ya wuce wasa. Tun 2019 Amurka take neman mai son biza ya bayyana sunayen shafukan da ya yi amfani da su cikin shekara 5. A Yunin 2025 ta ƙara da cewa ɗalibai masu neman biza su buɗe shafukansu don a duba. Ke nan zagin da yaro ya rubuta cikin fushi yana ɗan shekara 18 yana iya tsaya masa a hanya ranar da ya sami gurbin karatu. Kuma ba abin da mutum ya wallafa da hannunsa kaɗai ke yawo ba. A Afrilun 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook kimanin miliyan 533 daga ƙasashe 106, har da lambobin waya. Manhaja irin Truecaller kuma tana iya nuna sunanka ko ba ka taɓa sauke ta ba, domin wani da ya ajiye lambarka ya ba ta izinin karanta littafin wayarsa.

To, ashe mafita ita ce mutum ya ɓace gaba ɗaya? Ba mu ganin haka. Tela ko ɗan kasuwar da ba a samunsa ya rufe wa kansa ƙofar ciniki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dangi da yawa ta waya da shafukan sada zumunta suke jin labarin 'yan'uwansu. Sannan wurin da ka bari fanko wani ne zai zauna. Mun sha ganin an buɗe shafi da sunan malami da hotonsa, ana karɓar taimakon ginin masallaci, kuɗin kuma na shiga aljihun ɗan damfara. Da malamin yana da sanannen shafi guda, da jama'a sun gane na jabu.

Ma'aunin yana cikin tsarin gidajenmu: akwai zaure, akwai cikin gida. Suna, sana'a, karatu da lambar aiki, waɗannan na zaure ne. Hoton iyali, makarantar yara, katin ɗan ƙasa, fasfo, tikitin jirgi da ranar tafiya, waɗannan na cikin gida ne. Maniyyacin da ya ɗora hoton bizarsa don murna ya miƙa wa ɓarawo lambar fasfonsa, ya kuma sanar da shi ranar da gidan zai zama ba mai gida.

Doka ma ta ba da dama. A Mayun 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba wani ɗan ƙasar Sifen gaskiya, ta ce Google ya cire mahaɗin wata tsohuwar sanarwar bashinsa ta 1998 daga binciken sunansa. Ghana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Nijar a 2017, Najeriya a 2023. Google da Truecaller duk suna da hanyar neman a cire lambar mutum. Sai dai cire mahaɗi bai goge asalin rubutun ba, kuma abin da wani ya riga ya ɗauki hotonsa a waya ya fita hannunka. Rigakafi ya fi magani.

Saura binciken wasu. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da aka halatta ambaton aibin mutum, daga ciki akwai ba da shawara kan aure ko haɗa hannun jari. Don haka waliyyi yana iya duba abin da manemi ya bayyana a fili, gwargwadon buƙata. Amma tono kuskuren da mutum ya tuba daga gare shi, a watsa a zauren WhatsApp, wannan tonon asiri ne, kuma suna yakan zo ɗaya, a ɗora wa bawan Allah laifin takwaransa.

Mu duba sunayenmu a daren nan, mu goge abin da za mu ji kunyar iyayenmu su gani, mu kuma nemi izini kafin ɗora hoton kowa. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wallahu a'alam.